Minti Huɗun da Ja'afar Ya Riƙe

Tun suna yara a Kano, Ja'afar bai taɓa kiran Ɗan'azumi da sunansa ba. Bawa yake ce masa. Mahaifin Ja'afar da mahaifiyar Ɗan'azumi ciki ɗaya suka fito, saboda haka su biyun taubasai ne, kuma babu wanda bai san irin ikon da aka sakar wa taubashi ba. Zai zage ka a gaban surukanka, ya ɓoye maka takalmi a ƙofar masallaci, ya tsince naman da ke cikin miyarka kana kallo, kai kuwa naka dariya. In ka yi fushi, to ka ƙara wa mutane abin dariya ne kawai. Ba a kai ƙarar taubashi, ba a kuma zaman jiran ya ba da haƙuri. Ja'afar ya sami wannan dama ya riƙe ta hannu bibbiyu har shekara talatin da tara.

Shi ya riga zuwa Ingila. Shekararsa bakwai a Sparkbrook, a wani layi bayan Stratford Road, yana aikin kwamfuta. Ya yi mota, ya yi tumbi, ya kuma shiga wata ƙungiya ta masu hawan keke a daji ranar Asabar. Ba irin keken zuwa cefane ba, keken burji ne mai kaurin taya da lanƙwasasshen kai, wanda ake shiga da shi hanyoyin tsakuwa inda aka hana mota bi. Ɗan'azumi kuwa shekararsa ɗaya kacal a Manchester, yana bincike a jami'a kan tace ruwan sha. Shi da matarsa Bilqis da 'yarsu suna zaune a saman wani shagon 'yan sari a Cheetham Hill. Mutum ne mai sanyin hali, irin wanda za a taka wa ƙafa a cikin bas, shi ya ce a yi haƙuri.

A watan Fabrairu Ja'afar ya matsa masa lamba sai ya zo Birmingham ya ga yadda iyayengijinsa ke hawan keke. Ɗan'azumi ya so ya ƙi, domin kwana uku ke nan da aka kwantar da mahaifiyarsa, Inna, a asibiti a Kano. Amma ƙanwarsa Raki, wadda ke jinyarta, ta ce masa hawan jini ne kawai, kuma da sauƙi. Mu dai mun san wannan da sauƙin da ake aika wa na nesa. Shi ma ya sani, amma ransa ya so ya yarda, sai ya yarda. Ya hau jirgin ƙasa na sassafe da wandon jins da rigar sanyin da yake zuwa aiki da ita.

Dajin yana arewa da Birmingham, dogayen itatuwa a jere, hanyoyi sun ratsa shi ta ko'ina kuma duk kamarsu ɗaya. Ana yayyafi. Ja'afar ya ara masa wani tsohon keke, ya ƙare wa rigarsa kallo a gaban abokansa takwas, ya fashe da dariya.

"Bawa, wannan jacket ɗin taka ko yawu ba za ta tare ba. Kawo wayarka in sa a jakata, waterproof ce."

Ya miƙa masa. Bayan tafiyar rabin awa suka iso inda hanya ta rabu biyu, Ɗan'azumi yana can baya yana haki. Ja'afar ya jira shi, ya nuna masa hannun dama da fuskar tausayi.

"Ka bi nan, short cut ne. Mu za mu bi ta tudu, ba za ka iya ba. Minti goma za ka gan ka a car park."

Ba gajeriyar hanya ba ce. Gangara ce da ta zube cikin wani kwari mai taɓo, daga nan ta rabu uku, kowace ta sake rabuwa. Tayar baya ta yi faci. Ba shi da famfo, ba shi da waya, bai ma san sunan wurin da aka ajiye motoci ba. Ya yi ta tura keke yana zagaye, ruwa na shiga takalminsa, har awa uku da rabi, kafin wata tsohuwa mai karnuka biyu ta ji tausayinsa ta raka shi bakin hanya. A duk tsawon lokacin nan bai yi fushi ba. Shirya baƙar maganar da zai mayar wa Ja'afar kawai yake yi, har yana murmushi shi kaɗai.

Da ya fito sai ya tarar abokan sun watse, Ja'afar na tsaye jikin mota, shi ma taɓo har gwiwa, kuma ba ya dariya. Ya miƙa masa wayar. Kira goma sha huɗu, tara daga lambar Inna, biyar daga Raki. Ya kira, Raki ta ɗauka da kuka. Inna ta daina magana rabin awa da ta wuce. Kafin magariba Allah Ya yi mata rasuwa, washegari da safe aka binne ta, shi yana zaune a kan kujera a Manchester yana kallon bango.

Ja'afar ne ya kai shi gida a mota. Shi ya zauna kwana uku yana karɓar gaisuwa, shi ya yi ta dafa shayi yana raba dabino, har mutane suna cewa kowa ya sami ɗan'uwa irin wannan ya gode Allah. Wanda ya ji labarin dajin sai ya girgiza kai ya ce ƙaddara, wasan taubasai ne ya zo daidai da ajali. Ɗan'azumi ma haka ya ce wa kansa. Ya haɗiye abin, ya zauna masa a ƙirji, amma ya haɗiye.

Bayan arba'in Raki tana kintsa kayan Inna ta kunna wayarta, ta aiko masa da hoton kiran ƙarshe. Ashe ranar, da Inna ta gaji da kiran ɗanta ba a ɗauka, lambar Ja'afar ta kira. Kuma ya ɗauka. Sun yi magana minti huɗu da daƙiƙa goma sha ɗaya, a lokacin Raki ta fita sayo magani. Babu wanda Inna ta sake yi wa doguwar magana bayan nan. Ɗan'azumi ya kalli hoton har idonsa ya yi zafi, sannan ya kira Birmingham.

"Me Inna ta ce maka?"

Sai dariya ta biyo baya, wata iri mara gishiri.

"Gwaggo? Cewa ta yi in riƙe bawana da kyau, kada in sayar da shi da araha."

Sau uku ya tambaye shi a cikin wata guda, sau uku Ja'afar yana zillewa ta ƙofar wasa. Ya kai maganar gaban Kawu, mahaifin Ja'afar, Kawu ya ce, "Kai ma ka san halin taubashinka, sai haƙuri." Bilqis ta ce ya bar wa Allah.

"Hukunci na Allah ne," in ji shi. "Ni maganar uwata nake nema, tana cikin bakin wani ƙato ya ƙi tofarwa."

Daga ranar ya tsani Ja'afar, tsana ta gaske wadda ke hana abinci daɗi. Ya kuma gane abu guda: muddin mutumin nan yana zaune a kan kujera da ƙoshi a cikinsa, wasa ba zai ƙare a bakinsa ba. Sai an kai shi inda numfashin dariya zai gagare shi. Ɗan'azumi ya ci alwashin shi zai kai shi, kuma a kan keke, tunda ta nan aka ɓullo masa.

Ya sayi keken burji na hannu. A layinsu akwai wani ma'aikacin jinya mutumin Jos, Choji, dattijo siriri da ya fi shekara goma yana hawan tsaunukan Peak District. Duk Asabar suka riƙa ɗora kekuna a jirgin ƙasa su fita bayan gari, inda dazuzzuka suka rufe duwatsu. Ranar farko Ɗan'azumi ya yi amai a tudu na biyu. Choji bai yi dariya ba, ya jira shi ya gama, sannan ya fara karatu. A sauke giyar keke kafin a kama tudu, ba a tsakiyarsa ba. A ci abinci tun yunwa ba ta zo ba, domin in ta zo ƙafa ta riga ta mutu. A gangara kan tsakuwa a ja jiki baya, a lallaɓa birkin gaba. Ya sa shi cire taya da mayarwa a cikin ruwan sama har yatsunsa suka iya aikin ko da sun sandare.

Bazarar Turawa ta zo ta wuce. Wandunan Ɗan'azumi suka yi masa yawa a ƙugu, suka matse a cinya. Da asuba kafin aiki yana bin gefen magudanar ruwa, da yamma yana hawa benen jami'a da ƙafa. Duk tudun da ya gagare shi, sai ya tuna dariyar nan ta waya, ya ga ya kai ƙarshensa. Wata rana a watan Satumba ya wuce Choji a wani hawa mai tsawo bai ko waiwaya ba. Da suka tsaya a sama dattijon ya daɗe yana kallonsa.

"Malam, wa kake bi? Mai hawa don exercise ba ya cije haƙori haka."

"Ba kowa."

"To. Amma ka san doka ɗaya ce a nan. Ba a barin mutum a daji, ko maƙiyinka ne."

"Ni an bar ni," in ji Ɗan'azumi, ya taka feda.

Daga nan ya fara fita shi kaɗai. Ya zaɓi hanya mai hawa biyar, ya bi ta sau tara har ya haddace ta kamar layin gidansu. Ya san inda sabis ɗin waya ke ɗaukewa, ya san inda masu yawo da karnuka ke juyawa su koma. Bayan hawa na huɗu akwai wani kwari mai zurfi a tsakiyar itatuwa, rafi na bin gindinsa, kuma in ka shiga babu mafita sai hawa na biyar, wanda ya fi duka tsayi. Nan ya zaɓa. Ya jira har Nuwamba, lokacin da rana ke faɗuwa ƙarfe huɗu, sanyi kuma ke shiga ƙashi.

Gayyatar a zauren dangi na waya ya yi ta, inda kowa zai gani. Ya rubuta cewa an ce ubangida tumbi ya rufe masa feda, in ƙarya ne ya zo Manchester ranar Asabar. Tun Fabrairu bai yi wa Ja'afar wasa ba. Ko minti biyu ba a yi ba amsa ta zo, da dariya jere-jere da alƙawarin zai ja bawa a ƙasa. 'Yan'uwa daga Kano suka shiga zuga, Kawu ma ya aiko da murya yana hamdala yara sun shirya. Ɗan'azumi ya karanta murnar da ke cikin amsar Ja'afar, bai ji ko ɗigon tausayi ba.

Ja'afar ya iso bakin dajin da ƙarfe goma da sabon keke a bayan mota da tufafin da suka ɗame shi kamar an cusa tuwo a leda. Ya ga yadda taubashinsa ya zama, dariyarsa ta ɗan tsaya a wuya kafin ta fito.

"Bawa, yunwa ce a Manchester?"

"Za a yi ruwa," in ji Ɗan'azumi. "Kawo wayarka da abincinka da rigar ruwan in sa a jakata, kada su yi maka nauyi a tudu."

Ja'afar ya kalli jakar, ya kalle shi. Ya gane sarai. Amma girman kai ya hana shi ja da baya, wataƙila ma ya so a rama ɗin a wuce wurin.

"Au, revenge ne? Bismilla. Mu ga iyakar bawa."

Hawa na farko Ja'afar yana waƙa. Na biyu ya daina waƙar ya koma zagi. Ɗan'azumi bai gudu ya bar shi ba, ai da ya yi masa sauƙi. Gabansa kaɗan yake tsayawa, tazarar da mutum zai ga kamar in ya ƙara ƙoƙari zai kamo, sai ya ƙara wuta kaɗan. A saman kowane tudu, da zarar Ja'afar ya iso yana neman sa ƙafa ƙasa, sai ya ce mu je kada jiki ya yi sanyi. Tsakuwa na ƙara a ƙarƙashin taya, itatuwa na ɗigar da ruwa, babu mota babu gida, sai tumaki can nesa a bayan katangar dutse. A hawa na uku Ja'afar ya ce a ba shi ayabarsa. Ɗan'azumi ya ce sai an sauka. A na huɗu ya sauko daga keke yana turawa, fuskarsa ta yi toka, bakinsa a buɗe.

Ƙarfe biyu da kwata suka gangara kwarin. Ja'afar ya ɗaga kai ya ga hawa na biyar ya miƙe cikin itatuwa har ya ɓace a gajimare. Ya yi ƙoƙarin ɗaga ƙafa ya hau keke, jijiyar cinyarsa ta ɗaure tamau. Ya yi ƙara ya zube a bakin rafi, keken ya faɗo a kansa. Ɗan'azumi ya jingine nasa a jikin itace, ya zauna a kan wani kututture, ya buɗe jaka ya ciro dabino ya fara ci ɗaya bayan ɗaya. Wallahi ya ji daɗin dabinon nan. Wata tara yana jiran wannan zama.

"Cramp ne," in ji Ja'afar da ƙyar. "Ba ni ruwa. Ba ni jacket ɗina, bawa, sanyi."

"Me Inna ta ce maka?"

"Haba, a nan? Ta ce..." Ya yi ƙoƙarin murmushi, haƙoransa na kaɗawa. "Ta ce bawan nan..."

Ɗan'azumi ya miƙe, ya rufe jaka, ya ɗauki kekensa.

"Saura awa ɗaya da rabi rana ta faɗi. Babu network a nan ko da wayar tana hannunka. Ni minti ashirin zai fitar da ni. Kai ban sani ba. Ni dai awa uku da rabi na yi."

Ya ɗora ƙafa a feda. A nan ne wasan ya ƙare wa Ja'afar. Ya kira shi da sunan da bai taɓa kiransa da shi ba.

"Ɗan'azumi. Tsaya."

Ya tsaya, bai juyo ba.

"Mun fito car park ke nan ta kira. Ta ce ina kake, tana ta kira ba ka ɗauka. Na ce, Gwaggo, na ɓatar da bawana a daji. Na ba ta labarin yadda na tura ka kwari. Ta yi dariya, wallahi ta yi dariya har tari ya kama ta." Sai muryarsa ta canza, ta sirance, ta ɗauko jan maganar Inna da yadda take danne ƙarshen kalma, domin tun yana yaro ya iya kwaikwayonta. "Ja'iri. Ku dai ba za ku girma ba. Maza je ka ɗauko min shi, muryarsa nake son ji. Ga wayar nan a hannuna, ba zan ajiye ba. Kada ka daɗe, Jafaru."

Ɗan'azumi ya juyo. Inna ce sak, a tsakiyar dajin Turawa, a bakin mutumin da ya fi tsana a duniya. Ya riƙe kan keken da ƙarfi.

"Sai ka tafi nemana."

Ja'afar ya sunkuyar da kai. Rafi na ta gudu.

"Sai ka tafi nemana," Ɗan'azumi ya sake cewa.

"Mun riga mun yi order ɗin shayi. Na ce bari ka ƙara sha wuya kaɗan, labarin zai fi daɗi. An ce min da sauƙi, ni ma haka aka ce min. Muka zauna hira." Hawaye ya gangaro masa ya haɗu da taɓo. "Awa ɗaya da wani abu. Ina jin wayarka tana ruri a jaka. Da na shiga nemanka ka riga ka bar wurin. Na kasa faɗa maka. Ta ina zan fara?"

Ɗan'azumi ya juya masa baya. Ya hau keke ya kama hawa na biyar. Yana jin Ja'afar na kiransa, muryar na raguwa, bai waiwaya ba. Bai taɓa hawa tudun nan da sauri irin na ranar ba. Abin da yake gani kawai Inna ce a gadon asibiti da waya a hannu, tana jira, wani kuma yana hura shayi. Ya so sanyi ya ci Ja'afar. Ya so duhu ya same shi a nan shi kaɗai, ya yi ta kira babu mai amsawa, ya ɗanɗana.

A saman tudun iska ta buge shi, wayoyin biyu suka farfaɗo a cikin jaka suka fara ƙara. Ya ciro tasa. Zauren dangi ne ya cika. Wa ya ci? Bawa ya rama kuwa? Wani ƙaninsu ya rubuta cewa in ka bar shi a daji ka ɗauko mana hoto. Ɗan'azumi ya tsaya da wayar a hannu, gumi na sanyi a bayansa, ya ga yadda abin zai kasance tiryan-tiryan. In ya bar shi awa uku da rabi, gobe labari ya zaga Kano. Za a yi dariya a ce taubashi ya rama, an yi kunnen doki. Ja'afar da kansa zai fi kowa iya ba da labarin, da kwaikwayon yadda ya yi ta makyarkyata, kuma daga ranar zai yi barci da sauƙi domin ya biya. Jiran da Inna ta yi zai shiga sahun takalman da aka ɓoye a ƙofar masallaci. Duk abin da ya yi wa Ja'afar, komai muninsa, wasa za a kira shi.

Ya mayar da wayar, ya juya keke ya gangara.

Ya tarar da Ja'afar ya rarrafa ya jingina da dutse, ya dunƙule, leɓɓansa sun yi fari. Ganin Ɗan'azumi ya sa shi dariya da kuka a haɗe.

"Na san za ka dawo. Shege bawa, ka rama, wallahi ka rama."

Ɗan'azumi ya ciro rigar ruwan ya sa masa da hannunsa, ya ja zif har wuya. Ya ba shi ruwa da ayaba da sauran dabinon. Ya durƙusa ya miƙar masa da ƙafar yana matsa cinyar yadda Choji ya koya masa, har jijiyar ta saki. Sannan ya kama kekunan biyu, ɗaya a kowane hannu, ya ce a dafa kafaɗarsa. Haka suka hau tudun a ƙafa, taku ɗaya a tsaya, kusan awa guda. Ja'afar na samun ƙarfi bakinsa na dawowa. Ya ce bawa ya san aikinsa. Ya ce za a ƙara masa tuwo yau. Ya jefa wannan, ya jefa wancan, yana leƙen fuskar taubashinsa, babu wanda ya dawo masa.

Sun isa mota ana gab da magariba. Ɗan'azumi ya ɗora masa keke ya ɗaure da kyau, ya gwada igiyar sau biyu. Ya ciro wayar Ja'afar, ya goge ta a hannun rigarsa, ya miƙa masa da hannu biyu, ya ɗan russuna.

"Malam Ja'afar, mun gode da ziyara. Allah Ya huta gajiya. A gaida mutanen gida."

Ja'afar ya tsaya da hannu a miƙe.

"Malam? Wane ne Malam? Kai bawa, mene ne haka?"

"Ku bi a hankali, hanyar akwai santsi."

"Ku? Ni kake ce wa ku?" Ya matso kusa da shi. "Ka zage ni mana. Ka ce min ƙaton banza. Ka ce tumbi ya kayar da ni, ka sa a group kowa ya gani. Ka mare ni in kana so, ga fuskar. Ɗan'azumi, don Allah. Don darajar Gwaggo."

"Allah Ya kiyaye hanya, Malam."

Ya kunna fitilar kekensa ya kama hanyar tashar jirgi. Da ya kai kwana ya san motar tana nan inda take, ba a ko tayar da ita ba. Kuka ya zo masa a kan gangara, irin wanda bai yi ba ranar rasuwar, domin ya san a duk ƙasar nan bakin mutum ɗaya ne ke iya fito da muryar Inna, kuma shi da kansa ya rufe wannan ƙofa. Ya yi kukansa iska na busar da shi, amma bai taɓa birki ba.

A zauren dangi ya rubuta cewa an yi tafiya lafiya, Malam Ja'afar ya yi ƙoƙari ƙwarai. Matasa suka ce labarin ba daɗi. Kawu ne kaɗai ya kira shi washegari, ya ce, "Da ka fasa masa kai ya fi masa sauƙi, ɗan nan." Ɗan'azumi ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi jikinsa, suka yi sallama.

Har yau in aka haɗu a taron suna ko na Sallah, a Manchester ko a Birmingham, Ɗan'azumi ne ke fara tashi ya ba Ja'afar kujera, ya russuna ya tambayi iyali da aiki ɗaya bayan ɗaya. Baƙin da ba su san su ba suna yaba tarbiyyarsa. Ja'afar kuwa yakan amsa da kai a ƙasa, ya ɗan juya cokali a cikin shinkafa, can ya ce ya manta wani abu a mota.